Yadda nake gane niyut ɗina ba shi da lafiya

Niyut mai jan ciki na ƙasar Sin siffar tsaka gare shi, amma dangin kwaɗo ne, fatarsa na zuƙar duk abin da ke cikin ruwa. Shi ya sa in nawa ya ƙi cin tana, ko ya haye dutse ya ƙi sauka, ruwan nake fara zargi. Auna zafin ruwan: in ya haura digiri 24 a ma'aunin Celsius, ya yi wa niyut yawa. Ruwan famfo kuwa, sai an cire masa kulorin, sinadarin da ake zuba masa don kashe ƙwayoyin cuta.

Sannan haska fatar da tocila. Farin gashi-gashi a yatsu ko wutsiya funfuna ce. Kumburin ciki har maƙogwaro ya fi tayar min da hankali. In ka ga haka, ware niyut ɗin, ka nemi likitan dabbobi a ranar, kada ka zuba maganin kifi da ka. In ka taɓa shi, wanke hannu, fatarsa na da dafi.