Yadda ake kafa zoben SDH ya yi aikin da aka saye shi domin sa

SDH tsari ne na jigilar layukan waya da bayanai ta faiba, wato zaren gilashi mai ɗaukar haske, kuma akan haɗa tashoshinsa a zagaye kamar zobe. Ma'aikacin da ya taɓa aiki da PDH, tsohon tsarin da SDH ya gaje, ya san wahalarsa. In kana son ciro layin E1 (mai megabit 2) guda ɗaya daga cikin bututun megabit 140, dole ka warware shi zuwa 34, ka sauko 8, sannan 2, ka sake ɗinke shi. SDH, wanda aka amince da ƙa'idojinsa a 1988, ya kawar da wannan. Duk na'urorin suna tafiya da bugun agogo ɗaya, don haka an san mazaunin kowane layi a cikin firam, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa. STM-1, matakin farko na SDH, yana gudun megabit 155.52, yana ɗaukar E1 guda 63, kuma na'urar ADM, mai saukewa da ɗora layuka, tana sauke uku a garin Gadarif na Sudan ta bar saura su wuce Kasala ba ta taɓa su ba. Sama da shi akwai STM-4, STM-16 da STM-64, kowanne ninki huɗu na wanda ke ƙasa da shi.

Sai dai, 'yan'uwa, sayen na'ura ba ya ba da wannan amfani sai an kafa ta daidai.

A fara da hanya. Babban abin da SDH yake bayarwa shi ne komawa hanyar ajiya cikin milisakan 50 idan faiba ta tsinke, har mai magana a waya bai ji komai ba. Wannan yana faruwa ne kawai in ɓangarorin zoben biyu sun bi ƙasa dabam-dabam. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zana zobe a takarda, a zuba kebul ɗin tafiya da na dawowa cikin rami ɗaya ko a kan gada ɗaya. Ranar da kogin Gash na Kasala ya cika da damina ko katafila ta haƙa gefen titi, duka biyun za su tafi tare. Ƙasar Gadarif baƙa ce mai laka, tana tsagewa da rani, tana kumbura da ruwa, saboda haka a binne kebul da zurfi cikin bututu, a bar masa rara a kowane akwatin haɗi. Wajen tsarin komawa hanyar ajiya, ƙaramin zobe SNCP ya wadatar, wato aika sigina ta ɓangarorin biyu a ɗauki mai kyau. MS-SPRing, inda layuka ke tarayya a hanyar ajiya, yana tattalin gurbi, amma tashoshinsa ba sa wuce 16.

Lissafin haske kuwa da alƙalami ake yi kafin a yi odar kati. Katin aika haske yana da nau'i-nau'i: S-1.1 na kimanin kilomita 15 ne, L-1.1 na 40, L-1.2 na 80 a kan nanomita 1550. Katin L-1.2 yana fitar da aƙalla -5 dBm (ma'aunin ƙarfin haske), yana jin har -34, kenan kana da dB 29 da haske zai iya asara a hanya. Kilomita 80 a kan asarar dB 0.25 kowace kilomita sun cinye 20, a cire na mahaɗai, a ajiye 3 saboda ɗinkin da za a yi nan gaba, domin kowane tsinkewa yana ƙara asara. Tsakanin Madani da Gadarif ya zarce haka nesa, dole a sa tashoshin sabunta sigina a tsakani. Kada a haɗa katin dogon zango da gajeriyar igiya lokacin gwaji: haske sama da -10 dBm ya yi masa yawa, sai an sa abin rage haske na dB 10. Kuma bayan habub, wato guguwar ƙura, a goge bakin kowane mahaɗi kafin a zargi kati. Ƙura da ido ba ya gani tana cin dB da dama.

Agogo shi ne wurin da aka fi yin sakaci, don lalacewarsa ba ta da hayaniya. Layi yana tsaye, fitilu kore, amma bayanai suna ɗan zamewa, kwastoma yana ƙorafi, ba a ga dalili ba. A ɗauko bugu daga babban agogo mai daidaiton 1 cikin 10^11, a ba kowace tasha tushe na farko da na biyu, a kunna saƙon ingancin agogo da ke cikin bayit S1. In ba a kunna shi ba, bayan tsinkewa tasha A za ta iya bin B alhali B tana bin A, su yi ta zagaye suna kaucewa tare. Alamarsa ita ce yawan motsin fointa, wato manunin inda layi ya fara a cikin firam. Kada a jera fiye da na'urori 20 ba tare da agogon SSU mai tace bugu a tsakani ba.

Wajen karanta ƙararrawa, a nemi tushe. LOS na nufin haske ya ɗauke a wannan tashar. AIS labari ne cewa matsalar tana can baya, ta inda siginar ta fito, don haka tura mota wurin da ya nuna AIS ɓata mai ne. Bayit B1, B2 da B3 na cikin firam suna ƙirga kurakurai sashe-sashe, su ne ke nuna zangon da ya fara lalacewa tun bai mutu ba. A rubuta sunan hanya a bayit J1, don in an haɗa layi a gurbin da ba nasa ba, na'urar ta faɗa.

Kafin a miƙa aiki, a sa na'urar gwaji a kan E1 ɗaya ta kwana awa 24, a zare faibar gabas a auna lokacin komawa, a mayar, a zare ta yamma. Sannan a kashe wutar gari a ga awa nawa batiran -48 volt za su riƙe tashar da tsakar rana.