Daga kwalejin al'umma zuwa babbar jami'a a Amurka: inda ɗaliban kimiyyar lafiya ke tuntuɓe

Hanyar sananniya ce: ka yi shekara biyu a kwalejin al'umma inda kuɗin makaranta ke da sauƙi, sannan ka koma babbar jami'a ka ƙarasa digirinka a kimiyyar halittu da lafiya. Tana yiwuwa, kuma dubban ɗalibai na bin ta kowace shekara. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin waɗanda suka makale ba don rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Tun zangon farko suka ɓata lissafin, ba su gane ba sai da lokacin cike takarda ya zo.

Babban kuskure shi ne ɗibar kwasa-kwasai masu sauƙi don maki ya yi kyau. Ɗalibi zai tara sakamako mai ƙyalli da darussan gama-gari, ya riƙa ɗage kemistiri da lissafin kalkulas da fiziks zuwa "zango mai zuwa". To, waɗannan darussa jeri suke bi, kamar matakala. Ba za a bar ka ka shiga kemistirin sinadaran kabon ba sai ka gama kemistirin share fage, wanda shi kansa yakan ci zango biyu, wancan kuma ya ci wasu biyun. Ka ga shekara biyu ke nan cif. Wanda ya makara da zango ɗaya tak, zai iya ƙara wa kansa shekara. Masu tantancewa kuwa waɗannan darussa suke fara dubawa, domin su ne ke nuna ko za ka iya da aikin aji uku. Maganin shi ne ka zauna da mai ba da shawara na kwalejin a makon farko, ku tsara zanguna huɗun a takarda, ku soma daga ƙarshe ku dawo baya.

Sai zaton cewa duk kwas ɗin da ka ci za a karɓa. A jihar Kalifoniya akwai shafin ASSIST, wanda ke nuna kwas na wace kwaleji ne ya yi daidai da na wane reshen jami'ar gwamnati, fanni-fanni. Abin da reshen Jami'ar Kalifoniya na Davis ya karɓa ba lallai na Berkeley ya karɓa ba. Jami'o'i masu zaman kansu kuwa kowacce da ma'auninta, don haka ka adana manhajar kowane darasi da ka yi, da bayanin aikin ɗakin gwaje-gwaje. Wasu ba sa yarda da gwajin da aka yi ta intanet, gara ka yi shi da hannunka.

Akwai kuma masu karanta mafi ƙarancin sharaɗi su ɗauka shi ne ƙofar shiga. Jami'ar Kalifoniya na neman kiredit 60 na zango (ma'aunin yawan darussan da ka ci), da matsakaicin maki 2.4 cikin 4 ga 'yan jiha, 2.8 ga waɗanda ba 'yan jiha ba. Wannan izinin neman gurbi ne kawai. A fannin halittu a UCLA, reshen jami'ar na Los Angeles, waɗanda ake ɗauka sun fi haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake ganin ganganci ne mutum ya rataya ransa ga suna guda. Rassa shida na Jami'ar Kalifoniya, wato Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, suna da yarjejeniyar TAG mai ba da tabbacin gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗa, ko da yake ba kowane fanni ke cikinta ba. A watan Satumba ake cike ta, kusan shekara guda kafin tafiya. Da yawa ba sa jin labarinta sai ta rufe.

Wanda hankalinsa ke Ingila ya sani cewa Oxford ba ta karɓar canjin makaranta. Daga aji ɗaya zai soma.

Maganar kuɗi ma akan bar ta sai ƙarshe. Baƙon ɗalibi ba ya samun tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, kuma sabuwar jami'ar ba za ta ba shi sabuwar takardar I-20, wadda zamansa na ɗalibi a ƙasar ya dogara da ita, ba sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda. Aikin cikin makaranta na awa 20 a mako ba zai cike giɓin ba. Ka tambayi kowace jami'a, a rubuce, ko tana tallafa wa baƙin da suka zo ta canji, domin wasu sabbin shiga kaɗai suke ba.

Abin da ya fi jawo ɓacin rai a gida shi ne rashin fahimtar digirin kansa. A wajenmu daga sakandare ake shiga karatun likita, sai iyaye su ɗauka yaro na gama wannan digiri ya zama dakta. A Amurka wannan digiri share fage ne. Bayansa akwai jarrabawar shiga makarantar likitanci ta MCAT da wasu shekaru huɗu, kuma makarantun likitanci kaɗan ne ke ɗaukar baƙi. Ka faɗa wa Baba da Mama wannan tun kafin a sayar da gona ko fili, ka kuma nuna musu sauran hanyoyin da digirin ke buɗewa: binciken magunguna, aikin ɗakin gwaji, da digirin digirgir, wanda a kimiyyar halittu galibi jami'ar ce ke biyan ɗalibi alawus.