Mataccen batir da robar maganin feshi, ga yadda ake rabuwa da su lafiya

Tun da wuta ta zama sai an dace kusan kowane gida yanzu akwai sola ko inbata, to kuma batir ba ya dawwama, shekara biyu uku ya mutu, sai ka ga an ja shi an jingine a zaure ko bayan kicin, yara na hawa kai suna wasa, wani ma kujera ya mayar da shi. Wallahi ina ganin haka gabana faɗuwa yake.

Abin da ke cikin wannan baƙin akwatin abu biyu ne, dalma da ruwan batir. Ruwan batir kowa ya san aikinsa, yana taɓa riga ya huda ta. Dalmar ce mutane ba sa tsoro saboda ba ta ƙuna ba ta wari, ƙurarta kawai yaro zai kai baki da hannu. Ai mun gani a Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara kusan 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake dakawa a tsakar gida, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka shigo. Can dutse ne nan batir ne amma gubar iri ɗaya ce, kuma yaron da ya tsira ma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har girmansa.

To batir ya mutu, me za ka yi? Kada ka fasa shi, kada ka juye ruwan a kwata ko kusa da rijiya wai don ya yi sauƙin ɗauka. Ka ajiye shi a tsaye bakinsa sama, a ɗora kan katako ko cikin tsohuwar robar wanki, a inuwa inda ruwan sama da yara ba sa kaiwa, kuma nesa da murhu. Kan nan biyu da ake ɗaura waya ka naɗe su da salatif don kar wani ƙarfe ya faɗa ya haɗa su ya yi tartsatsi. In za ka ɗauka sa safar hannu ta roba, in babu ko leda mai kauri ce ka ninka biyu, ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci. In ya tsiyaya a ƙasa ka barbaɗa toka ko garin kanwa a kai, ka bari ya daina kumfa sannan ka kwashe a leda ka ƙulle. In ruwan batir ya shiga ido kuwa babu wani dabara, ruwa mai tsabta za ka yi ta kwarara minti 15 zuwa 20, daga nan asibiti.

Inda ya fi dacewa ka kai shi shagon da za ka sayi sabo, yawancinsu suna karɓa su rage maka kuɗi. Ni ban hana ka sayar wa ɗan gwangwan ba, sana'a ce, amma ka tambaye shi ina yake kaiwa, in irin masu fasawa da gatari su narka dalma a cikin unguwa ne gaskiya kuɗin nan bai kai ba. Ƙananan batiran tocila da na waya su kuma ka tara a gwangwani mai murfi, kar su shiga sharar da za a cinna wa wuta, na waya fashewa yake.

Sai robar maganin feshi, wadda mu dai ba ma iya yar da roba mai kyau. Na taɓa ganin wani a gona yana shan ruwa da ita wai ya wanke da omo. Ba ta wankuwa malam. Ranar da maganin ya ƙare a nan take za ka zuba ruwa kamar kwata na robar, ka rufe ka girgiza sosai ka juye cikin tankin feshin, sau uku, ruwan ɗaurayar ya tafi gona tare da feshin. Sannan ka huda gindinta da ƙusa wuri uku huɗu yadda ko wani ya tsinta ba za ta riƙe masa manja ko fura ba. Kar ka ƙona, hayaƙin guba ne. Ragowar magani kuma ya zauna a robarsa ta asali da takardarta, masu juyewa a robar lemo su ne ke jawo yaro ya ɗauka ya kurɓa.

Baƙin man janareto shi ma a jarka za ka tara ka kai wa makanike, ban da tsiyaya shi a masai wai maganin sauro da kyankyaso, rijiyar maƙwabcinka zai je.