Kurakuran da muke tafkawa in za mu bar diyo na kanti mu koma na gargajiya

Watan Afrilu ne, Yamai tana tafasa, digiri 43 da rana ga ɗaukewar wuta da dare, a lokacin ne ni uwar wayo na ga ya dace in rabu da diyo, wato abin shafawa a hammata don hana wari. Wata odiyo ce aka turo a gurup ɗinmu na WhatsApp na ƴan biki, wata mata tana ta rantse-rantse wai aliminiyom ɗin da ke ciki yana toshe hammata, dattin jiki ya rasa hanyar fita ya taru ya zama sankarar mama. Ko ƙarshenta ban ji ba na ɗauki rol-on ɗina da na saya jika biyu da rabi na wurga a bola. Bayan sati uku hammatata ta yi ja, daga ja ta koma baƙi, ko hannu zan ɗaga in tsayar da taksi sai na cije leɓe.

To kuskure na farko shi ne wannan, tsoro ya kore ki ba ki tsaya kin tambayi daga ina maganar ta fito ba. Daga baya da na bi diddigi na tarar labarin nan ya girmi wasu ƙannenmu, tun wajen 1999 yake yawo ta imel a ƙasashen Turawa. A 2002 an yi bincike a Amurka kan mata kusan 1600, wajen rabi masu sankarar mama rabi marasa ita, ba a ga wata alaƙa da shafa diyo ba. A 2004 wata mai bincike a Ingila ta samu sinadarin paraben, wanda ake sawa a kayan shafa don kar su lalace, a cikin naman ƙarin mama na mata 20, nan fa hayaniya ta sake tashi, amma aikin nata bai nuna paraben ɗin ne ya jawo cutar ba, bai ma nuna daga diyo ya fito ba. Hukumar magunguna ta Faransa a 2011 ta ce a rage yawan aliminiyom kuma kar a shafa a fatar da ke da rauni, sai kwamitin masana na Tarayyar Turai a 2020 ya sake duba lamarin ya ce a gwargwadon da ake sa shi babu damuwa. Waɗanda dai aka ja wa kunne su ne masu ciwon ƙoda, don ƙoda ce ke fitar da aliminiyom daga jiki, shi ya sa a Amurka ake rubuta a jikin kwalbar cewa mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Ban ce kar ki canza ba fa, ni ma ai na canza kuma ban yi da-na-sani ba, amma ki canza a natse, ba da gudu kamar wadda kare ya biyo ba.

Sannan da yawanmu ba mu ma san abin da muke shafawa ba. Duk diyo muke ce musu amma iri biyu ne. Ki juya kwalbar, in kin ga an rubuta anti-transpirant to wannan shi ne mai gishirin aliminiyom, aikinsa ya ɗan toshe ƙofofin zufa na wani lokaci don hammata ta zauna a bushe. Wanda aka rubuta déodorant kawai ba ruwansa da zufa, wari yake yaƙa. Ita zufar hammata a kan kanta ba ta da wari, ƙwayoyin cutar da ke zaune a fata ne ke cinta su fitar da wannan tsamin da muke gudu. Ke nan duk ranar da kika ajiye mai aliminiyom zufa za ta dawo, babu wani haɗin gargajiya da zai hana ta. Na ga wata ƙawata a Bukoki ta sayi na gargajiya har kala huɗu tana cewa duk jabu ne don har yanzu rigarta na jiƙewa. Ba jabu ba ne, aikin da ba nasa ba kike nema ya yi miki.

Wanda ya fi ba ni dariya kuwa shi ne na alif. Mace ta guji aliminiyom ta tafi kasuwar Wadata ta sayo dutsen alif, wanda ake ce wa pierre d'alun a farmasi, tana murna ta tsira. Yaya, alif ai gishirin aliminiyom ne da potasiyom, shi ne dai wanda ake jefawa a ruwan gulbi don laka ta kwanta. Yana rage wari kam, ga araha ga daɗewa, ni ma ina amfani da shi. Amma in don gudun aliminiyom kika koma gare shi to kin gudu ne ba ki tsira ba, gara ki sani.

Yanzu bari in zo kan abin da ya ƙone ni, bikarbonat, farin garin nan da ake sawa a kek don ya tashi. A wani bidiyo da na kalla an ce a kwaɓa shi da man kwakwa da garin sitati a shafa safe da yamma, ni kuma da na ga kwana biyu na farko wari ya ɗauke ɗif sai na ƙara yawansa, a ganina in kaɗan ya yi aiki to da yawa zai fi. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami na halitta, a ma'aunin pH, inda ƙasa da 7 tsami ne sama da 7 kuma ɓangaren kanwa, wajen 5 take, shi kuwa bikarbonat ya haura 8, ɗan gidan su kanwa ne. Kullum kina goga shi a wuri mai laushi, mai ɗumi, mai gogayya da riga, a hankali yake cinye garkuwar fatar. Da ƙaiƙayi ya fara, na ce sabo ne zai wuce. Sai raɗaɗi in na yi wanka, sai fatar ta fara saɓulewa kamar ta maciji. Mu kuma masu baƙar fata duk wurin da ya kumbura ya warke tabo baƙi yake bari, nawa sai da ya yi watanni kafin ya fara washewa. Gwaggona da ta zo daga Tawa ta ga ina shafa man kaɗanya ina huci ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi kika sa ma jikinki haka? Kanwa aka miya da ita, ba a shahwa ta ga hwata." Ban da ta cewa.

Gyaran ba wuya. Da kin ji ƙaiƙayi ko kin ga ja ki daina nan take, ki wanke da ruwa zalla, ki bar wurin ya huta kwanaki da man kaɗanya kawai ko bazilin. Kuma duk sabon haɗi, na kanti ne ko na gida, ki fara ɗiga shi a cikin gwiwar hannu kwana biyu ko uku ki gani kafin ya kai hammata. In na kanti za ki saya ki nemi wanda aka rubuta babu bikarbonat a ciki.

Lemun tsami kuma shi ne ɗaya gefen, tsaminsa ya yi yawa, pH ɗinsa wajen 2. Masu goga shi wai don hammata ta yi haske, sau da yawa baƙin ƙaruwa yake. Haka man ƙamshin nan masu ƙarfi na kanumfari ko kirfa ko na'a-na'a da ake sayarwa a ƴan kwalabe, daga tsiro suke amma suna ƙuna in ba a sirka su da wani mai ba. Barkono ma ai daga gona yake.

Kar ki yi aski ki shafa komai nan take. Cire gashin hammata sunna ce, hadisi ya ce kar a wuce kwana 40, kuma yana rage wari sosai don gashi yana riƙe zufa, amma reza tana barin ƴan tsage da ido ba ya gani. Ki aske da dare, ki shafa washegari.

Akwai kuma masu cewa in kika canza sai kin yi wata guda kina wari wai jiki ne ke fitar da guba, har da shafa laka ko gawayi don a jawo ta. Babu wata guba da ke fita ta hammata, wannan aikin hanta da ƙoda ne. Abin da ke faruwa shi ne ƙofofin zufa sun buɗe kuma ƙwayoyin da ke fatar suna sake zama, sai warin ya ɗan canza. Don haka kar ki zauna kina cutar da ƴan ofis da waɗanda kuke sahu ɗaya a masallaci da sunan haƙuri, ki ƙara wanka, ki saka ɗan tsumma da diyon a jaka ki goge ki sake shafawa da azahar. Kuma don Allah kar ki yi irin tawa ki fara a Afrilu ko Mayu, ki bari sai Disamba lokacin sanyi da hunturu, jikinki ya saba kafin zafi ya kawo kai.

Tufafi ma suna da nasu laifin. Yadin roba da hijabin nan masu santsi suna kama wari har bayan wanki, ki sa su zufa ta ɗan taɓa sai tsohon warin ya taso ki ɗauka diyon ne bai aiki. Atamfa da shadda na auduga sun fi. Man kwakwa kuma yana narkewa tun daga digiri 24, a Yamai kusan kullum ruwa ne, ya ɓata mini farar shadda da zoben maiƙo a hammata, shi ya sa yanzu kaɗan nake sawa in jira ya shiga fata kafin in sa riga. Humra da turaren wuta kuwa a kan jiki mai tsabta ake sa su, in kika zuba humra a kan zufar yini to kowa a motar faba-faba zai san kin shigo.

In kuma zufar taki irin mai ɗiga ce ko ana sanyi, ko marurai suna yawan fito miki a hammata suna fashewa suna dawowa, ko kin shafa kin ji wani ƙullutu a hammata ko a mama, wannan ya wuce batun diyo, likita za ki gani kar ki tsaya kwaɓe-kwaɓe.

Ni yanzu ranakun da nake gida ko kasuwa alif nake jiƙawa in goga bayan wanka, in ɗora humra kaɗan a riga. Ranar biki kuwa da zan wuni a rumfa cikin leshi, na sake sayen rol-on ɗin nan da na jefar, tun da dare nake shafa shi a busasshiyar hammata don a lokacin ya fi kamawa.