Yadda ake tayar da tsohon babur Honda CG125 a zauren gida

A tsofaffin gidajen Sakkwato, daga Tudun Wada zuwa Runjin Sambo, ba a rasa babur ɗin da aka jingine a lungu shekara ashirin ko fiye, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da shi wurin kwana. Da yawa daga cikinsu iyayenmu ma'aikata ne suka saya bayan kuɗin Udoji na 1975: Vespa, Honda Benly, Roadmaster, Suzuki, da wanda zan yi magana a kansa, wato CG125. Shi na zaɓa domin shi na yi da hannuna, kuma shi ne ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa buɗe inji ba. Kamfanin Honda ya fito da shi a 1975 musamman don ƙasashe irin namu, inda ake loda wa babur kaya fiye da ƙima kuma ba a canza baƙin mai a kan lokaci. Ba shi da sarƙar taimin a cikin inji, wasu sanduna biyu ne ke tura bawul. Kuma da yake masu ƙera babura a Sin sun kwaikwayi injinsa sosai, kayan gyaransa ba su ɓace daga kasuwa ba.

Na ga samari da dama sun ɗauko wannan aiki da zafinsu, bayan wata biyu babur ya koma cikin buhuna uku. Ni ma na lalata inji guda kafin na gane inda matsalar take.

Kafin ka taɓa sifana

Duba lambar da ke jikin firam, a wuyan babur, da wadda ke jikin inji, ka gwada su da takardu. In na gado ne, a gama magana da 'yan'uwa tukuna. In saye za ka yi kuma ka ga an goge lamba ko an yi walda a wurin, bar shi ko kyauta aka ba ka.

Sai ka cire fulogi, ka ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka danna kik da hannu, a hankali. Kada ka hau ka taka da ƙafa, domin in ringi ya manne da silinda, takawa ɗaya za ta karya shi. In kik ya sauka, ka yi sa'a. In ya ƙi, zuba kananzir gauraye da baƙin mai a ramin, ka ba shi mako guda kana gwadawa kullum.

Kwancewa

Wayarka ce babban kayan aiki a nan. Kafin ka cire kowane abu ka ɗauke shi hoto, musamman wayarin da ke cikin kwanon fitilar gaba. Nemi gwangwanayen madara ko ledoji, kowane sashe da nasa, ka rubuta suna a jiki. Kusoshin murfin inji tsawonsu ba ɗaya ba ne. Zana surar murfin a kan kwali, ka huda, ka soka kowace kusa a inda ta fito.

Kusoshin baburan Japan na wancan zamani suna kama da masu kan kuros da muka saba da su, amma yankansu ya ɗan bambanta, shi ya sa sukudireban kasuwa ke cinye musu kai. Sayi sukudireban da ake bugawa da guduma. Kuɗinsa bai kai abin da za ka biya mai walda ya ciro maka kusa uku da suka mutu ba. Kuma kada ka jefar da komai, ko da ya yi kama da shara. Tsohon ƙarfen Japan da aka wanke sau da yawa ya fi sabon da za a miƙo maka a shago, kuma da tsohon ne za ka je kasuwa ka gwada.

Tanki da kafireta

Busasshiyar iskarmu tana da rana ɗaya: tsatsa ba ta cin ƙarfe a nan kamar yadda take yi a Legas ko Fatakwal. Abin da zafin Sakkwato ke kashewa shi ne roba. Duk wani tiyo, sil, da robar da ke haɗa kafireta da inji, ka ɗauka sun mutu, ka canza.

Buɗe tanki ka haska da tocila. In tsatsar sama-sama ce, zuba noti cikin hannu guda da kananzir, ka girgiza har hannunka ya gaji, ka zubar, ka maimaita. In ta yi yawa, cika shi da binega ya kwana biyu, ka ɗauraye, ka shanya a rana, ka zagaya cikinsa da ɗan fetur mai baƙin mai nan take kafin sabuwar tsatsa ta kama. In ya huje, kada ka yarda a kusantar da wutar walda sai an wanke shi sosai, domin tururin fetur na daɗewa a ciki. Sannan ka sa ƙaramar matatar fetur a tiyo. Wanda ke shan man 'yan bumburutu a galan ba shi da zaɓi a kan wannan.

Kafireta kuwa, tsohon fetur ya bushe a cikinta ya zama kamar ƙaro. Kwance ta, jiƙa ƙarafan, hura jet, wato 'yan ƙarafan masu siririn ramin da fetur ke bi, da iska. Kada ka soka allura a jet, za ka faɗaɗa ramin, babur ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi. Ta asali in ba ta tsage ba ita za ka mayar, ban yarda da sabuwar kwali ba.

Inji, da hanyar baƙin mai

A nan nake so ka zauna da kyau, domin a nan na yi asara.

Babur ɗin mahaifina ne. Na kai silinda aka gyara, na sayi sabon fistin da ringi, na haɗa, ya tashi a bugu na uku. Ranar har maƙwabta sun leƙo. Kwana tara bayan nan, a hanyar Wamakko, sai na ji ƙarar ta canza, ƙarfi ya ragu, inji ya ɗaure. Na tura shi zuwa wurin wani dattijon bakanike. Ya buɗe murfin dama, ya kwance wasu kusoshi uku, ya sa ɗan yatsa ya kwarfo wani abu baƙi mai tauri kamar busasshen laka, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Ɗana, wanga inji ba tsufa yak kashe shi ba, ƙishirwa ta." A cikin lakar har da jajayen zare-zare na gam ɗin da ni na shafa da hannuna.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. CG125 ba shi da matatar mai ta takarda irin ta mota. Abu biyu ke tace masa baƙin mai. Na farko 'yar raga ce mai kamar hular yatsa, tana bayan wani babban murfi a ƙasan inji ta hagu, da sifirin a bayanta. Wannan kowa ya san ta. Na biyun shi ake mantawa: wani ɗan kwano ne a bakin karanshaf ta dama, a cikin murfin kuloci. Yana juyawa tare da inji, juyin yana watsa datti ya manne a bangonsa, tataccen mai ya wuce. Shekara da shekaru ba wanda ya buɗe shi, sai ya cika. In ya cika, datti ya riƙa wucewa kai tsaye zuwa boris ɗin karanshaf, ko hanyar ta ƙuntata.

Saboda haka, ko da injin yana tashi lafiya, sai ka zubar da mai, ka cire kik, ka buɗe murfin dama. Kwance kusoshi ukun da ke fuskar kwanon da sukudireban bugu. Kankare lakar da tsinke ko ɗan katako, kana tare ƙasa da tsumma don kada ta faɗa cikin inji. Goge har sai ka ga hasken ƙarfe. Duba cikin murfin da ka cire, akwai ramukan da mai ke bi. Hura kananzir ta kowanne da sirinji, ka tabbata ya fito ta ɗaya gefen. Haka za ka yi wa hanyar da ke kai mai sama zuwa kan silinda. Ramin da bai fitar da kananzir ba, kada ka rufe injin sai ya fitar.

Sai maganar gam. Sabon gaskit a kan fuskar da aka kankare tsaf ba ya buƙatar gam. Ɗan giris kawai nake shafawa. Abin da ke faruwa shi ne, in ka lafta gam ka ɗaure kusa, rabin da ka gani ya fito waje, to irinsa ya shiga ciki. Zafi ya gasa shi, ya ɓalle, mai ya ɗauke shi ya kai ramin da bai fi kan ashana ba. In fuskar ta yi rauni har dole sai da gam, shafa shi siriri yadda za ka iya hango ƙarfen ta cikinsa, kuma ka nisanci ramukan mai.

Bayan kwanon nan da gam, ƙura ita ce matsala ta uku. Kada ka haɗa inji a tsakar gida ranar da iskar hunturu ke kaɗawa. Shiga zaure, rufe ƙofa, yayyafa ruwa a ƙasa, shimfiɗa sabuwar leda. Duk abin da ka wanke ka rufe shi da tsohon zani mai tsabta. Silindar da ta dawo daga wurin masu gyara tana ɗauke da garin dutsen da aka goge ta da shi, kuma fetur ba ya fitar da shi. Ruwan zafi da omo da buroshi za ka sa, ka goge da farin ƙyalle har sai ƙyallen ya fito fari, ka busar, ka shafa mai nan da nan. In lokacin bazara ne, yi aikin bayan sallar Asuba. Da rana a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, gumi na ɗiga cikin inji, haƙuri kuma na ƙarewa.

Wajen haɗawa, fistin yana da alamar IN a kansa, ta fuskanci ɓangaren kafireta. In silinda ta ci, ana faɗaɗa ta ne mataki-mataki, milimita 0.25, 0.50, zuwa sama. Sayi fistin tukuna ka kai tare da silindar, a yanka daidai da shi. Bakunan ringi kada su hau layi ɗaya, rarraba su kewaye da fistin. Cusa tsumma a bakin inji kafin ka sa 'yan zobban da ke riƙe fil ɗin fistin, kuma sababbi za ka sa. Notin kan silinda a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Juya magnito, wato faifan da ke gefen hagu na inji, har alamar T da ke kansa ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji, fistin yana sama bawul biyu a rufe, ka saita tazarar bawul a milimita 0.08, inji a sanyaye. Sayi ma'aunin tazara, kada ka yi da kunne.

Mai kusan lita ɗaya yake ci. Ni 20W-50 na babura nake sawa saboda zafinmu. Guji man mota na zamani, yana iya sa kuloci santsi tunda a cikin man yake wanka. Kafin ka mayar da fulogi, taka kik sau ashirin ko talatin don famfo ya ja mai. In ya tashi, bar shi a silo minti ɗaya, kashe, buɗe murfin sama. In ka ga sabon mai ya jiƙe wurin, ka ci gaba. In a bushe yake, kada ka sake tayarwa.

Wuta

CG125 na farko-farko wutarsu bolt 6 ce, masu kwantak ne, wato 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa su rufe don fulogi ya ba da wuta. Kada mai shago ya haɗa ka da ƙwai ko batir na bolt 12. Goge kwantak da lallausar sanfefa, tazararsa milimita 0.3 zuwa 0.4, ya fara buɗewa daidai alamar F. Fulogi NGK D8EA, tazara 0.6 zuwa 0.7. Yawancin matsalar wutar tsohon babur daga wayar da aka ɗaure a jikin firam take, kankare wurin har ƙarfe ya fito. Wasu na mayar da shi CDI, wato tsarin wuta marar kwantak, yana aiki, amma ni na bar nawa yadda Baba ya hau shi.

Soson iska na kafireta a wanke shi da kananzir, a matse, a jiƙa da ɗan baƙin mai. In ya rududduge a sayi sabo. Na ga 'yan kabu-kabu suna cire shi wai don babur ya ƙara gudu. A ƙurar garin nan, wannan sanfefa ce kake ɗura wa sabon fistin.

Sauran

Taya da tib sababbi, ko da tsofaffin suna da zane. Takalman birki sababbi, domin gam ɗin da ke riƙe da fatarsu yana sakewa da tsufa. Boris ɗin ƙafafu da na wuya a wanke a sa giris, wanda ke ƙara a canza. Sarƙa da haƙoranta na gaba da na baya tare ake canza su, ka bar mata sassauci kamar santimita 2. Sifok ka kai wa mai ɗaurin wili. Abin da ka rasa a Sakkwato, aika Kofar Ruwa a Kano, ka haɗa da tsohon a matsayin samfuri.

Fenti shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Firam a fesa masa baƙi. Tanki kuwa, in fentin asali da tambarin fuffuken Honda suna nan, wanke ka goge kawai.

Kilomita 500 na farko ka bi shi a hankali, ba goyo, ba cika totur, kana hutar da shi in rana ta take. Daga nan ka zubar da mai tun yana da ɗumi, ka wanke 'yar ragar nan, ka sake duba notin kan silinda da tazarar bawul.