Yadda na gyara matsalar tsage mai yanke min zaren fatsa

Duk mai jan fatsa a bayan kwale-kwale a ruwan Kainji wajajen Yawuri ya san halin tsage, kifin nan mai kaifin haƙora, yana kawo bugu ɗaya sai ka ji zare ya yi sakwaf, ƙugiya ta tafi. Na ƙara kaurin zaren roba, haƙoran nan nasa ba su ma san an yi ba.

Abin da ya yi min aiki waya ce. Na samo sabuwar wayar birkin keke na warware silinta, na yanki kamar kamu ɗaya da rabi, na ɗaura tsakanin zare da ƙugiya, sannan na sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa a mahaɗar don kar zaren ya murɗe. In wayar ta lanƙwashe bayan kamu, canza ta kawai, don a inda ta lanƙwashe take karyewa.

Wajen abin yaudara kuwa kan cokalin shayi na huda, ƙyallinsa cikin ruwa ke jawo shi. Ƙugiya mai baki uku na cire, bakin tsage ƙashi ne, in ya yi tsalle yana girgiza kai tofar da ita yake. Guda ɗaya mai kaifi ta fi shiga, ni dai kullum sai na wasa ta kafin in fita.