Yadda Ake Kallon Bikin Baraden Garter a Windsor da Fahimta

Duk shekara a watan Yuni, ranar Litinin ta makon da ake sukuwar dawakin Ascot, Sarkin Ingila yakan fito daga fadar Windsor tare da 'yan ƙungiyar Garter, wato ƙungiyar baraden da sarki ke karramawa, su gangara da ƙafa zuwa Cocin St George cikin alkyabbu masu nauyi. Wanda bai san tsarin abin ba, dattawa kawai zai gani cikin kayan ado, alhali kowace sutura da kowane matsayi a jerin suna da dalili.

Abu na farko shi ne a san su wane ne ke cikin jerin. Sarki Edward na Uku ne ya kafa ƙungiyar a 1348, shekara biyu bayan nasarar da ya samu a kan Faransa a yaƙin Crécy, kuma tsarinta bai wuce sarki da Yariman Wales, wato mai jiran gado, da barade 24 ba. Ba a naɗa sabo cikin waɗannan 24 sai gurbi ya samu, galibi ta hanyar rasuwa. Ban da su akwai 'yan gidan sarauta da sarakunan ƙasashen waje, waɗanda ba a lissafa su cikin adadin. Tun 1946 sarki ne kaɗai ke zaɓa, ba tare da shawarar firaminista ba, kuma bisa al'ada ana sanar da sunaye ranar 23 ga Afrilu, ranar tunawa da St George, waliyyin Kiristoci da ake ɗauka majiɓincin Ingila. Sai a 1987 aka buɗe wa mata cikakken zama 'yan ƙungiya.

Daga nan sai a kula da sutura. Alkyabbar ta karammiski ce shuɗiya mai duhu, hular kuma baƙa ce mai farin gashin jimina. A kan kafaɗu akwai sarƙar zinariya, wadda a ƙasanta aka rataya siffar St George bisa doki yana sukar dodo. Maɗaurin safa da ƙungiyar ta samo sunanta daga gare shi kuwa, wato garter da Turanci, maza a ƙasan gwiwar hagu suke ɗaura shi, mata kuma a hannun hagu, don haka da wuya a hango shi ƙarƙashin alkyabba. Ya fi sauƙi a duba tambarin da ke kafaɗar hagu, inda aka zana maɗaurin ya zagaye jan gicciye. A jikin maɗaurin aka rubuta taken ƙungiyar da tsohon Faransanci, "Honi soit qui mal y pense", wato kunya ta tabbata ga mai mugun zato a kan wannan. Za a ji masu sharhi suna ba da labarin wata mace mai sarauta da maɗaurinta ya faɗi a wurin rawa, sarki ya ɗauka ya ɗaura a ƙafarsa yana faɗin wannan magana. A ɗauke shi a matsayin hikaya, domin bayan zamanin aka rubuta shi, kuma masana tarihi da dama sun fi danganta taken da da'awar Edward ta neman gadon sarautar Faransa.

Sai kuma a san cewa rabin bikin ba a ganinsa. Idan akwai sabon barde, da safe ake sa masa kayan a wani zaure na musamman cikin fada, ya yi rantsuwa, sannan a ci abincin rana. Da yamma ne jerin gwano ke fitowa. A gaba akwai tsofaffin hafsoshin soja cikin jajayen kaya, waɗanda ke zaune a harabar fadar, kuma asalin aikinsu tun zamanin Edward shi ne yi wa sarki da barade addu'a. Bayansu masu kula da tamburan sarauta, wato alamomin gidajen sarauta, sai barade bisa tsarin daɗewa, sababbi a gaba, sannan 'yan gidan sarauta, sarki kuma a can baya. Bayan addu'a a koma fada cikin kekunan doki da motoci. Kada tsufan kayan ya sa a zaci haka ake yi ba yankewa tun ƙarni na 14, domin an daɗe ba a yin wannan taro kafin Sarki George na Shida ya farfaɗo da shi a 1948, lokacin cikar ƙungiyar shekara 600. Mai son tsayawa cikin harabar fadar ranar sai ya nemi tikiti tun farkon shekara, saboda wurin ba ya ɗaukar jama'a da yawa.

A ganina, wanda ya shiga cocin a ranar da babu biki ya fi ƙaruwa da wanda ya tsaya a bakin hanya, sai dai ya guji Lahadi, domin ranar ta masu ibada ce kaɗai. An fara ginin a 1475 zamanin Edward na Huɗu, aka kammala a 1528. A nufi sashen mawaƙa, inda kujerun katako suke jere suna fuskantar juna, a fara ɗaga kai sama. Bisa kujerar kowane barde mai rai an rataya tutarsa, ƙarƙashinta akwai kwalkwali da tambarinsa da aka sassaƙa da itace da takobi. Daga nan a sauke ido zuwa jingina ta kujerar, inda aka kafe ƙananan farantan tagulla masu launi, kowane ɗauke da tambarin wanda ya taɓa zama a wurin. Bambancin nan shi ne mabuɗin komai: idan barde ya rasu, ana sauke tutarsa da kayan da ke sama, a mayar wa sarki lambobinsa, amma farantin yana nan. Akwai kusan 800 a cocin, wasu tun ƙarni na 15, har wata kujerar ta cika maƙil, sababbi na maƙale da tsofaffin da launinsu ya dushe.

Tutocin kuma suna faɗin halin da siyasa take ciki. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, an sauke ta Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu da ta Sarkin Ostiriya. Ta Sarkin Japan Hirohito an sauke ta a 1941, aka mayar da ita a 1971 lokacin da ya kai ziyara Birtaniya. Haile Selassie na Habasha ya shiga ƙungiyar a 1954. A zamanin da, wanda aka samu da cin amanar ƙasa wulaƙancinsa ya fi haka, domin daga sama ake jefo tutarsa da kwalkwalinsa, masu kula da tambura su riƙa shurinsu da ƙafa har wajen coci. Na ƙarshe da aka yi wa haka shi ne mai sarautar Ormonde, a 1716.